Ci-rani ko Kaka-gida? Masanin Harshe Ɗan Gaya da Tayin Kujerar Dindindin a Waje

Gabatarwa

Wanda ya tsaya a bakin kogin Kwara a garin Gaya da hantsi, ƙasashe uku ne kewaye da shi. Ƙasar da yake takawa ta jihar Dosso ce a Nijar, tsallaken ruwa ga Malanville ta Jamhuriyar Benin, can gabas kuma, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba, ga Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya. Mutumin Gaya ya saba ya karya kumallo a ƙasa ɗaya, ya ci kasuwa a ta biyu, ya je gaisuwar mutuwa a ta uku. A bakinsa akwai Dandanci da Zabarmanci da Hausa, wani ma har da Fulatanci, ga kuma Faransancin da ya samo a makaranta. A aljihunsa sefa da naira suna zaune lafiya. Saboda haka kalmar "ƙasar waje" ba ta yi masa nauyi a kunne kamar yadda take yi wa wanda ya tashi nesa da iyaka.

Duk da haka, akwai wata fita waje da takan hana ɗan Gaya barci. A ƙaddara wani matashi ne daga wannan gari ya karanta kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya sami tallafi ya je Turai ya kammala digiri na uku, ya dawo yana koyarwa a matsayin malamin wucin gadi, ana biyansa gwargwadon sa'o'in da ya shiga aji. Kwatsam sai ga takarda daga wata jami'a ta Jamus ko Amurka ko Kanada, tana yi masa tayin kujerar dindindin. Kawunsa zai ce masa, "Ɗana, abin nema ya samu, me kake jira?" Tsohon malaminsa kuwa zai girgiza kai ya tuna masa cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kawu da malami duka sun ɗora ma'auninsu a inda bai dace ba, ɗaya a kan albashi, ɗaya a kan kishin ƙasa. Abin da ya kamata masanin harshe ya fara aunawa shi ne ko kujerar za ta bar masa hanyar komawa ga masu magana da harsunan da yake nazari, da kuma ko za ta ba shi damar barin magada a gida. Idan ta bar masa, tafiyar ba ta da aibu, wani lokaci ma ita ta fi zama. Idan kuwa ta toshe hanyar, kome tsokar albashin, an yi asarar masani, ko da sunansa ya ci gaba da fitowa a mujallu.

Sunayen tafiya a bakin Bahaushe

Hausa ba ta tara kowace tafiya a kalma ɗaya ba. Falke yana tafiya da haja ya dawo da haja. Ɗan ci-rani yana fita bayan kaka ya komo kafin shuka. Almajiri yana barin gida don ya dawo da karatu. Ɗan kaka-gida kuwa shi ne wanda ya je ya kafa turke, ya yi aure, ya haifu, aka san shi da garin da ya sauka.

Yankin Gaya ya ga duk waɗannan. A ƙarni na goma sha tara, ayarin fataken Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayo goro a wannan yanki suke ƙetare Kwara, ta Gaya ko ta Illo, su bi ta Zugu, wato Djougou ta yau, har su isa Salaga. Hanyoyin kasuwanci irin waɗannan ne suka sa Dandanci ya zama harshen ciniki a Kandi da Djougou da Parakou, can cikin Benin. Daga cikin fataken Hausawa akwai waɗanda ba su dawo ba, suka kafa zanguna a Gana. Jikokinsu suna jin Hausa har gobe, amma ɗalibin karin harshe ya san cewa Hausar zangunan Kumasi da Akara ta yi watsi da bambancin jinsi, ta yadda lamirin namiji ke wadatar da namiji da mace. Wannan ba aibu ba ne, haka harshe yake yi idan ya yi kaka-gida. Darasin dai shi ne, zaman dindindin yakan sauya mutum da harshensa ta hanyar da tafiyar wata shida ba ta yi.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan rayuwar malamin jami'a, zuwa neman digiri almajiranci ne, koyarwar zango ɗaya ko biyu ci-rani ne, kujerar dindindin kuwa kaka-gida ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sa hannu a takardar kaka-gida alhali yana gaya wa kansa da iyayensa cewa ci-rani ya tafi. "Shekara biyar kawai," in ji shi. Kafin biyar ɗin su cika ya ci bashin gida na shekara ashirin da biyar, 'ya'ya sun shiga makaranta, kuɗin fansho sun fara taruwa a asusun da ba ya ƙetare teku cikin sauƙi. Gaskiya ta farko da ya wajaba ya gaya wa kansa ita ce sunan tafiyar da zai yi.

Mece ce "dindindin"?

Gaskiya ta biyu tana cikin takardar kanta. Masanin harshe ya fi kowa sanin cewa kalma ɗaya takan ɗauki ma'anoni dabam-dabam gwargwadon muhalli, kuma "dindindin" ba ta tsira daga wannan ba. A Amurka, yawancin abin da ake tallatawa ga sabon malami hanya ce zuwa ga kujerar. Zai yi kimanin shekara shida yana koyarwa yana wallafawa, sannan a zauna a duba aikinsa. Idan ya haye an tabbatar da shi, idan bai haye ba sai ya tattara kayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Jamus, akasarin malaman da ke ƙasa da matakin farfesa a kan kwantiragi mai wa'adi suke, kuma wata doka ta 2007 ta taƙaita irin wannan aiki zuwa kimanin shekara goma sha biyu, shida kafin digiri na uku, shida bayansa. Ƙorafi a kan wannan tsari ne ya cika kafafen sada zumunta na ƙasar a 2021. A Faransa kuwa, wanda ya ci gasar ɗaukar malami mai bincike yakan zama ma'aikacin gwamnati bayan gwajin shekara guda, sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuma tuli.

Ko wanda aka tabbatar ma bai kamata ya miƙe ƙafa ba. A watan Satumba na 2023 hukumar Jami'ar West Virginia ta Amurka ta amince da soke guraben malamai fiye da 140 saboda giɓin kasafin kuɗi, ta kuma rushe sashen harsunan duniya da adabi da kimiyyar harshe. Idan sashen da ke koyar da Jamusanci da Rashanci zai iya faɗuwa haka, sai mai koyar da Hausa ko Soŋai ya shafa wa gemunsa ruwa. Darussan harsunan Afirka a jami'o'in Turai da Amurka sukan rayu ne da ɗalibai 'yan ƙalilan, kuma su ake fara dubawa idan aljihu ya yi sanyi. Wanda bai tambayi daga wace taska ake biyan kujerarsa ba, da ɗalibai nawa suka shiga ajin bara, ya yi cinikin biri a sama.

Abin da ke tura mutum

Adalci ne a faɗi cewa ba kwaɗayi kaɗai ke fitar da malamai ba. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta daɗe tana ɗauke da ɗaliban da suka fi ƙarfin azuzuwanta. Yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha jinkirta shekarun karatu har wata ta hau kan wata. An buɗe sababbin jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Tilaberi da Dosso, amma kowace da fannin da ta fi karkata gare shi, kuma ta Dosso ta fi mayar da hankali ga fasahar sadarwa ta zamani. Guraben kimiyyar harshe ba su yawaita gwargwadon masu digirinta ba.

Ga kuma batun ƙarin girma. Nijar tana cikin hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Ita ke tantance malamai daga mataki zuwa mataki, kuma abin da take dubawa shi ne wallafe-wallafe. Malamin da ke gyaran takardun jarrabawar ɗaruruwan ɗalibai, ba shi da kuɗin fita bincike, ɗakin karatu kuma ba ya samun sababbin mujallu, ana neman ya fafata da wanda ke da duk waɗannan. A gefe guda kuma ga lissafin da kowa ke yi a zuci: yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, don haka albashin yuro 3,000 ya doshi jika dubu biyu a wata. Gaskiya ne haraji da kuɗin haya da na ɗumama ɗaki za su cinye kaso mai yawa, amma ragowar takan isa ta yi wa uwa magani, ta biya wa ƙanne makaranta. Wanda bai taɓa ɗaukar nauyin gida ba, bai kamata ya yi saurin kiran wannan cin amanar ƙasa ba.

Akwai ma hujja ta ilimi. Manyan littattafan nahawun Hausa uku da ɗalibai ke dogaro da su a yau duk daga kujerun waje suka fito: na Ekkehard Wolff da Jamusanci a 1993, na Paul Newman na Jami'ar Indiana a 2000, da na Philip Jaggar na makarantar SOAS ta Landan a 2001. Aiki irin wannan yana buƙatar shekaru na natsuwa, kuma natsuwar ce babbar ribar kujerar dindindin. Sai dai a lura da abin da ya gabaci littattafan. Newman ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a farkon shekarun 1970. Jaggar ya zauna Kano har ya yi nazarin maƙeranta. Wolff ya koyar a Maiduguri da Yamai. Kujerar ta ba su lokacin rubutu, amma abin rubutawar daga bakin mutane suka ɗebo shi.

Ɗakin gwajin masanin harshe

A nan ne lamarin masanin harshe ya bambanta da na mai lissafi. Mai lissafi yana iya ɗaukar allonsa ya tafi ko'ina. Ɗakin gwajin masanin harshe kuwa shi ne kasuwa da majalisa da bakin rijiya, kuma na ɗan Gaya yana cikin mafi albarka a Afirka ta Yamma.

Tarihin baka na yankin ya nuna Kyangawa ne suka riga kowa zama, kafin zuwan sarakunan Soŋai da suka gangaro Dandi, musamman bayan da rundunar Maroko ta karya daular Askiya a Tondibi a 1591. Kyanganci harshe ne na dangin Mande, ɗan'uwan Busanci da Shanganci. A yau akasarin Kyangawa sun koma Hausa ko Dandanci, harshen kakanninsu kuma ya rage a ƙauyuka 'yan kaɗan, galibi a ɓangaren Kebbi. Wannan sauyin harshe ne da ke faruwa a ƙofar gida, irin wanda ɗalibai ke karantawa a littafi da misalan Ostireliya da Amurka. Ga Dandanci, wanda ke da dangantaka ta kusa da Zabarmanci amma yana da nasa kamannu da nasa tarin kalmomin aro. Ga kuma Hausar yankin, mai kusanci da Kabanci da Arewanci, inda ake jin "sunka" da "shina" a gurbin "suka" da "yana" na daidaitacciyar Hausa. Yadda ɗan kasuwa ke sauya harshe sau uku a ciniki ɗaya ya ishi kundin digiri na uku a fannin walwalar harshe.

Su wa suka rubuta waɗannan? Nicole Tersis ta wallafa nazarin tsarin sauti da kalmomin Dandanci a Faransa a 1968. Petr Zima, mutumin ƙasar Cek, ya fitar da ƙamus na Dandancin Djougou a 1994. Ross Jones, wanda ya daɗe yana aiki a kan Busanci da danginsa, shi ya bi ƙauyukan Kyangawa ya tattara abin da ya saura. Sun cancanci yabo. Amma abin tambaya shi ne, idan an sami ɗan gari da ya tashi da waɗannan harsuna a kunnensa, ya kuma ƙware a kimiyyarsu, ashe ba shi ya fi dacewa ya ɗora daga inda suka tsaya ba? Tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da Kyanganci ba za ta jira hutun ƙarshen shekarar wata jami'a ta Turai ba. Kuma fifikon da ɗan gari ke da shi a kan baƙo ba gado ne da ba ya ƙarewa ba. Kunnen da ya yi shekara goma sha biyar ba ya jin kasuwar Gaya zai riƙa kawo misalan Hausar da aka daina yi, yana zaton ita ce ta yau.

Gadar da ake iya rufewa

Mai niyyar tafiya yakan amsa da cewa duniya ta zama ɗaya, zai riƙa zuwa kowane hutu. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin raunin wannan magana. Gadar da ta haɗa garin da Malanville tun ƙarshen shekarun 1950 ita ce a da babbar hanyar kayan Nijar daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, gadar ta tsaya cik, aka tare ta da kwantenoni. Ko da ƙungiyar ta ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren da Benin. Mutanen da suka saba ƙetarewa da ƙafa cikin mintoci suka koma hawa kwale-kwale, suna biyan kuɗin fito.

Abin da ya sami gadar ƙarfe ya sami gadar ilimi. A 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Nijar da Mali da Burkina Faso, har ɗaliban da suka riga suka sami gurbin karatu suka maƙale, kuma a farkon Janairun 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Banda wannan, jami'o'in Turai da Amurka da yawa suna bin shawarar ma'aikatun harkokin wajen ƙasashensu game da tafiye-tafiye. Idan aka shafa wa yanki jan launi a taswira, ma'aikacinsu ba ya samun izini ko inshorar zuwa bincike a can, ko da kuwa a garin aka yanke cibiyarsa. Yana iya zuwa gaida iyaye da kuɗin aljihunsa, amma ba zai zo da ɗalibai da na'urorin naɗar magana da sunan jami'a ba. Duk lissafin da aka gina a kan cewa hanya za ta kasance a buɗe har abada, lissafin dokin rano ne.

Waɗanda suka riga suka bi hanyar

Tarihin ilimi a Nijar bai goyi bayan masu cewa fita haramun ce ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Faransa, ya koyar a Dakar da Konakiri, ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin gwajin makamashin rana a Bamako. Littafinsa a kan ilimi a Afirka, wanda ya kare koyarwa da harsunan gida, a birnin Paris aka buga shi a 1964. A 1969 ya dawo Nijar ya jagoranci hukumar makamashin rana, daga baya ya shugabanci jami'a. Tafiyarsa doguwa ce, amma irin ta falke ce, ya dawo da haja.

A fannin harshe akwai tagwayen nan, Ousseina Alidou da marigayiya Hassana Alidou, waɗanda suka fara karatu a Yamai suka kammala digiri na uku a Amurka. Ousseina ta zama farfesa a Jami'ar Rutgers, kuma littafinta na 2005 a kan matan Musulmi a Nijar ya nuna kujerar waje ba ta raba ta da filin bincikenta ba. Hassana ta koyar a jami'o'in Amurka, ta yi fice a nazarin koyarwa da harsuna biyu a makarantun Afirka, ta shugabanci ofishin UNESCO na Abuja, sannan ta zama jakadiyar Nijar a Washington a 2015. A ɗaya ɓangaren akwai Mahamane Laoualy Abdoulaye, wanda ya kammala digiri na uku a kan ginin jimlar Hausa a Buffalo ta Amurka a 1992, ya zauna a jami'ar Yamai, kuma maƙalunsa suna fitowa a mujallun duniya. Akwai ma wanda ya yi tafiyar ta baibai: Jean-Pierre Olivier de Sardan, Bafaranshen da ya yi kaka-gida a Yamai, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a 2001, wadda ke da reshe a Parakou. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne, duk inda albashinsu yake fitowa, aikinsu bai yanke da mutanen da suke nazari ba.

Wajen da ke kusa

Abin mamaki ne yadda "waje" a bakin ɗalibi take nufin Turai ko Amurka kawai, alhali ga ɗan Gaya waje tana farawa ne daga Kamba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana da daɗaɗɗen sashen harsunan Nijeriya, haka ma Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake rubuta kundin digiri na uku da Hausa tun daga bango har bango. A Benin akwai Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001 a garin da ake ciniki da Dandanci, kuma ƙasar tana cikin CAMES, don haka matakin malami ba ya ɓacewa idan ya ƙetara. Waɗannan wurare ba aljanna ba ne. Yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayyar Nijeriya wata takwas, faɗuwar darajar naira kuma ta zaftare albashin malamai, har su ma suna neman hanyar fita. Amma malamin da ke Sakkwato yana iya kwana a ƙauyen Kyangawa ranar Asabar ya shiga aji ranar Litinin. Wannan ma riba ce, kuma ya kamata ta shiga ma'auni.

Hakkin da ke kan hukuma

A watan Maris na 2025 kundin sake fasalin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kafin nan dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa kuma sun faro tun 1973 a Damagaram. Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Aiwatar da ita na buƙatar ƙirƙirar kalmomin shari'a da likitanci da mulki, da rubuta littattafan makaranta, da horar da malamai, da ɗorawa a kan ayyuka irin ƙamus ɗin Abdou Mijinguini. Tana kuma buƙatar hikimar kwantar da hankalin masu sauran harsuna, waɗanda wasunsu suka nuna damuwa a kan matsayin nasu. Masanin da ya tashi a Gaya, inda Hausa da Dandanci da Zabarmanci ke cin tuwo a akushi ɗaya, yana cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan aiki.

To amma ba a ce wa mutum ya zauna sannan a hana shi tabarma. Hukumar da ke son masana harshe su tsaya, sai ta buɗe musu guraben dindindin, ta biya su a kan kari, ta ware kuɗin bincike. Idan ba ta yi ba, ba ta da bakin zargin wanda ya tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a sa hannu

Wanda ya auna ya ga tafiyar ce ta fi, lokacin da yake da ƙarfin ciniki shi ne kafin ya sa hannu. Ya nemi a rubuta masa watannin da zai riƙa yi a fili kowace shekara da kuɗin yin hakan, da matsayin jami'ar idan aka hana zuwa Nijar, ko za ta yarda ya yi aikin ta Kebbi ko arewacin Benin, ko ta hannun abokan aiki na gida da za a biya su a kuma sa sunansu a wallafa. Ya nemi yarjejeniyar duba kundin ɗalibai ta haɗin gwiwa da Yamai, domin malamin da ya yaye masu digiri na uku biyar a gida ya mayar da fiye da abin da ya ɗauka. Ya ajiye kwafin duk abin da ya naɗa a cibiyoyin Yamai irin IRSH da CELHTO, kada jikan mai maganar ya buƙaci biza kafin ya ji muryar kakarsa. Ya kuma riƙa wallafa wani abu da Hausa ko Zabarmanci, ko da ba zai ƙara masa maki ba. Ya zauna da maiɗakinsa su yi maganar harshen da 'ya'yansu za su tashi da shi, domin abin kunya ne ƙwararre a kan mutuwar harsuna ya ga nasa ya mutu a falonsa.

Irin wannan tsari ba mafarki ba ne. Shirin Carnegie da aka fara a 2013 yana mayar da malaman Afirka mazauna Amurka da Kanada zuwa jami'o'in wasu ƙasashe, ciki har da Nijeriya da Gana, na 'yan makonni ko watanni. Mali ta daɗe tana amfani da shirin TOKTEN na Majalisar Ɗinkin Duniya wajen dawo da 'ya'yanta su koyar a Bamako. Wanda ya zaɓi zama ma ba a rufe masa ƙofa ba, domin asusun ELDP mai tallafa wa adana harsunan da ke fuskantar ɓacewa, wanda ya koma Berlin daga Landan a 2021, yana karɓar buƙata daga masu bincike na kowace ƙasa.

Kammalawa

Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla, wasunsu za su riƙe irin wannan takarda a hannu nan da shekara goma. A ranar, kawu zai yi maganar kuɗi, malam zai yi maganar ƙasa, kuma kowannensu yana da tasa gaskiyar. Abin da ya rage ga mai takardar shi ne ya kira tafiyar da sunanta, ya binciki ma'anar "dindindin" kamar yadda zai binciki baƙuwar kalma a fili, sannan ya tambayi kansa wa zai naɗi maganar tsofaffin Yelu da Kyangakwai idan shi ya tafi. Idan yana da amsa, kuma amsar tana rubuce a cikin yarjejeniya, ya tafi da albarkar iyaye, tafiya mabuɗin ilimi ce. Idan ba shi da ita, gara ya ƙara haƙuri a Yamai, ko ya duba Sakkwato da Parakou, har ya sami kujerar da ba za ta raba shi da bakin kogi ba.